Kanon Baba Tsoho, Wadda Babu Kowa a Cikinta

Ƙusoshi na fara gani. Ina sauka daga kan babur na ɗaga ido, sai ga bangon zauren Baba Tsoho babu komai a jikinsa. Tun da na yi wayo ban taɓa ganin launin bangon nan ba, hotuna sun rufe shi daga ƙasa har iya inda hannun mutum yake kaiwa. Ran nan sai ƙusoshi a jere, kowace da ɗan fili mai haske a ƙarƙashinta, inda hayaƙin fitila bai taɓa ba. A nan na yarda ya rasu. Duk hanyar da muka ratso ta tsakiyar gonaki, ganyen gero yana dukan gwiwoyina, ban yarda ba.

An riga an kai shi tun da hantsi. Sai bayan azahar aka je makarantar kwana aka ɗauko ni, don haka ban ga fuskarsa ba, ban ga ko makarar ba. Daga Allah muke, gare Shi za mu koma.

Baba Tsoho kakana ne na wajen uwa. Mahaifiyata ta rasu ina goye, shi da matarsa Inna suka ɗauke ni, a gidansu na tashi. Sunana ya zo ɗaya da na mahaifiyarsa, shi ya sa bai taɓa kama shi ba, Uwata yake ce mini. Na zauna rubuta wannan ne don na lura an fara ba da labarinsa kamar abin dariya, tsohon nan mai ɗaukar hoton benaye. Ni kuwa na tsaya kusa da shi yana yi, na san ba haka abin yake ba.

Maza sun cika zaure, sun malalo har gindin darbejiya. Na durƙusa a gabansu, suka yi mini ya haƙuri, na gyaɗa kai. Ina cire takalmi na ji hirarsu. Tsohon da gonarsa take iyaka da tamu yana cewa tun suna samari suke maƙwabtaka, ko taku ɗaya Malam bai taɓa shigar masa ba. Wani ya ce ai Kano ce ta yi rashi ba ta sani ba, don babu benen da aka gina a cikinta da Malam bai je ya gaishe shi ba. Aka yi dariya ƙasa-ƙasa, sai kuma aka tuna inda ake, aka shafa Fatiha.

A cikin gida tsohuwa mai daddawa tana share ido da gefen mayafi, tana cewa ita a bangon zauren nan ta san Kano. Ƙanwar mahaifiyata kuwa hotonsa take nema, za ta tura wa 'yan'uwa na nesa a waya su sa shi a addu'a. Aka duba wayar kowa, babu. Mutumin da ya tsufa da kyamara a wuya. Daga ƙarshe katin zaɓensa aka lalubo a aljihun tsohuwar riga: ɗan hoto kamar farcen babban yatsa, ya dusashe, ya ɗaure fuska, ido a ƙasa. Ta kai wa Inna a ƙuryar ɗaki inda ta shiga takaba. Inna ta kawo shi daf da idonta, ta daɗe, ta mayar mata.

"Wannan ba shi ba ne. Wannan mutumin tilasta masa aka yi."

Da yamma na san inda hotunan suke. Kawu, babban ɗan Baba Tsoho, wanda yake koyarwa a Bici, shi ya sauke su kafin jama'a su taru, ya zuba a buhunan taki, ya jingine a ɗakin ajiya. Ya shigo gaida Inna bayan la'asar, ya tsuguna daga bakin ƙofa. Ya ce ya yanke shawara: ranar sadakar uku duk hoton da yake da mai rai a ciki, mutum ko dabba ko tsuntsu, za a ƙone shi, kada a bar wa Baba abin da zai dame shi a kabari. Sauran kuma duk mai so ya ɗauka. Inna ba ta ɗago ba. Ta ce to a bar yarinyar nan ta duba, dama aikinta ne.

Aikina ne kuwa, tun ina aji biyu na firamare.

Baba Tsoho manomi ne, gero da dawa da gyaɗa, da ɗan barkono a bayan gida. Yana saurayi ya je cin rani Kano, ya yi leburanci a wani gini, yana hawa da kwanon kankare a ka. Ya ce mana wata rana ya kai hawa na ƙarshe ya sauke kwano ya waiga, sai ya ga shirwa tana shawagi a ƙasansa. Bai taɓa ganin bayan shirwa ba sai ran nan. Da aka gama ginin aka sa ƙofa da maigadi, bai ƙara shiga ba. Ya tsaya a tsallaken titi ya dube shi, ya ji yana so ya tafi da shi gida. Da kuɗin ranin nan ya sayi tsohuwar kyamara maimakon keken da aka aike shi da niyyarsa, mahaifinsa ya yi wata guda bai amsa gaisuwarsa ba.

Daga nan bai daina ba. Benayen bankuna, asibitoci, manyan kantuna, gadojin sama da aka yi daga baya, hasumiyar masallatan zamani, har tankin ruwa idan tsayuwarsa ta burge shi. Bai taɓa sayar da ko ɗaya ba. Bai taɓa shiga ko ɗaya daga cikin gidajen ba. In an tambaye shi ya ce na ciki ai ba sa ganin ginin, shi ne mai shi tun da shi yake kallonsa.

Amma yana da ƙa'ida: ba ya ɗaukar mai rai. Malaminsa na allo ya taɓa gaya masa cewa mai yin sura za a ce ya busa mata rai ranar tsayuwa, maganar ta zauna masa. Yakan ce gini ba zai riƙe masa riga a lahira ba. To Kano kuwa ina za ka sami taku ɗaya da babu mutum? Sai ya samo dabara. Asabar ɗin ƙarshen wata, ranar da ake hana zirga-zirga da safe don share gari, ita ce ranarsa. Ya tafi tun Juma'a bayan masallaci, ya kwana a shagon wani abokinsa tela, gari na wayewa ya fita a ƙafa. Titi wayam, ba mota, ba adaidaita sahu, rana ba ta yi zafi ba. Ko da shuka ake, ko da girbi, ranar nan kowa ya san ba a ganinsa a gona.

Duk da haka wani sa'in sai an wanko hoto a ga mutum ya faɗo ciki: mai shara da tsintsiya can gefe, mace tana leƙowa ta taga, tattabara a kan waya. A nan nake shigowa. Ni yarinya ce da ba ta magana. A makaranta malamai sun ɗauka ba na ji sosai, a gida baƙi in sun zo bayan Inna nake ɓuya. Wata rana yana jera sababbin hotuna a tabarma ina tsugune daga nesa, na miƙa yatsa na nuna wata taga a hawa na huɗu. Ya ɗauko ya kai bakin ƙofa wajen haske, ya daɗe yana dubawa. Kan wani yaro ne, bai fi ƙwayar gero ba.

"Uwata, ashe shirun nan naki kallo kike yi."

Tun daga ranar ba a kafa hoto a bango sai na duba. Ba ya sa ni magana, nuni kawai. Ni in nuna, shi ya ɗauko reza sabuwa, ya ɗora hoton a bayan faranti, ya yanke wurin a hankali, murabba'i ƙarami, yana riƙe numfashi, sannan ya manna farar takarda ta baya. In mun gama ya ba ni gyaɗa soyayya a tafin hannu, ya ce ladan sufeto. Shi ne mutum na farko da bai taɓa ce mini in buɗe baki ba.

Mutanen da ya yanke ba ya zubar da su. Ya ce 'ya'yan wasu ne, ba a jefa ɗan mutane a bola. Wani gwangwanin madara yake tara su. Ina ƙarama nakan zazzage su a zanina in jera: mai shara, mai tallan biredi rabin jiki, wata mata da jan mayafi, ɗan sanda yana hamma. Har sunaye na raɗa musu a zuci.

Gwangwanin nan shi ne abin faɗansu da Inna. Yawancin faɗansu na wasa ne. Ta ce masa wanda yake kwana a ɗakin ƙasa mai yoyo ya cika bango da benayen wasu. Ya ce mata ai gara haka, nasa benayen ba sa neman yaɓe da damina. Amma akwai wanda ba na wasa ba, sau ɗaya na ji shi, ban kuma manta ba.

Ana gobe za a kai mahaifiyata ɗakin miji, Inna ta roƙe shi ya ɗauke ta hoto guda ɗaya, tana cikin lalle. Akwai fim a kyamarar. Ya ƙi. Ya ce a kira mai hoto na kasuwa. Aka kira, ya ɗauka, bayan mako ya aiko cewa fim ɗin ya ƙone. Aka ce sai wani lokaci. Wani lokacin bai zo ba. Ban san kamannin mahaifiyata ba, sai abin da ake gaya mini, wai goshina nata ne.

Ranar da na ji faɗan, Inna ce ta shigo zaure da kwanon fura ta same mu muna zuba sabon mutum a gwangwani. Ta tsaya. Ta ajiye kwanon a hankali.

"Malam, 'ya'yan wasu ka adana. Taka fa?"

Ya rufe gwangwanin, ya zauna riƙe da shi a cinya. Furar nan har ta tsinke bai taɓa ta ba. Da Inna ta fita ya dube ni, ya daɗe yana duban goshina, har na sunkuyar da kai. Bai taɓa cewa ya yi kuskure ba, bai kuma taɓa cewa ya yi daidai ba. Abin da na sani, duk shekara in watan da mahaifiyata ta rasu ya kama, ba ya zuwa Kano.

Sau ɗaya ya tafi da ni, hutun da na gama firamare. Muka kwana gidan telan, ni a wajen matarsa. Da safe muka fita, na ga Kano da idona kamar yadda take a bangonmu, shiru, sai ƙarar tsintsiya daga nesa. Ya tsaya gaban wani dogon gini mai tagogi ƙanana a jere kamar saƙar zuma, bai ɗaga kyamara ba. Na ɗauka ya manta abin da ya kawo mu. Ashe inuwa yake jira. Ya ce in duba yadda take saukowa hawa-hawa, in ta kai hawa na biyu ginin zai buɗe ido. Muka tsaya har ƙafata ta yi sanyi. Da ta kai, ya ɗaga kyamara ke nan, sai ga wani mai keke ya ɓullo. Baba Tsoho ya sauke hannu, ya gaishe shi, ya tambaye shi iyali, ya jira ya wuce. Kafin nan inuwar ta gota. Ya yi murmushi ya ce wata mai zuwa ginin yana nan, ba ya zuwa ko'ina.

A ranar ya nuna mini abin da yake damunsa da gine-ginen yanzu. Gilashi ne tun daga ƙasa har sama, shuɗi ko baƙi. Ya ce na da can kai kake kallonsu, na yanzu su ma kallonka suke, kana ɗaukarsu suna ɗaukarka. Ya koya mini inda ake tsayawa, a karkace, daga kusurwa, yadda gilashin zai ɗauko sama da gajimare ya bar ka. Ya matsa hagu, ya matsa dama, yana leƙen kansa, har sai da ya ɓace daga jikin ginin. Sannan ya danna.

Da Kawu kuwa abin da ya shiga tsakaninsu daban ne. A shekarun da gari ya ɗaure, kowa yana tsoron kowa, masu gadin wani gini suka kama Baba Tsoho yana ɗaukar hoto. Suka zaunar da shi a ƙasa, suka cire masa hula, suna tambayar wanda ya aiko shi. Ya ce babu, ginin ne ya yi masa kyau. Ba su yarda ba, wa zai yarda. Sai da aka kira Kawu daga Bici ya zo da katin aikinsa ya tsaya masa. A ƙofar gidan nan, gaban mutane, Kawu ya ɗaga murya. Ya ce shekarunsa sun wuce wannan, sa'o'insa suna masallaci da carbi shi yana yawon titi kamar yaro, ya ce ya gaji da jin ana nuna shi ana cewa ga ɗan mai hoton bene. Ya karɓe kyamarar ya tafi da ita.

Asabar ɗin ƙarshen wata ta zo, Baba Tsoho ya shirya ya tafi Kano hannu rabbana, ya dawo. Wata ta sake zuwa, ya sake tafiya. Inna ta tambaye shi me yake zuwa yi ba kyamara, ya ce gaisuwa. Bayan girbi wani ɗalibin Kawu ya kawo ƙunshi a leda: ba tsohuwar ba, wata ƙarama ce sabuwa mai kati, wadda ba ta cin fim. Babu saƙo. Baba Tsoho ya juya ta a hannu, ya ce a gaya wa Malam ya gode. Malam yake ce wa ɗansa tun daga ranar. Suna gaisawa, Kawu yana tsugunawa, yana aiko da shinkafar salla, amma ban ƙara ganin sun zauna a tabarma ɗaya ba. Ranar da ciwon ajali ya taso wa Baba Tsoho Kawu yana wajen taron aiki, kafin ya iso an rufe wa tsohon ido.

A 'yan shekarun nan yanar ido ta fara rufe wa Baba Tsoho gani. Yakan zuba shayi a gefen kofi, ya gaida kututture a hanyar gona. Bai daina zuwa Kano ba, ya ce manyan abubuwa yake ɗauka, su kuwa har yanzu yana ganinsu. Ƙananan ne suka koma wuyana gaba ɗaya. In ya wanko sai ya sa a goge katin, ya ajiye hotunan a ambulan, ba ya kafawa sai na dawo hutu. Ranar da zan koma makaranta wannan zangon ya rako ni har bakin titi, yana riƙe da jakata duk da na fi shi ƙarfi. Ya ce akwai wani sabon gini da aka kusa gamawa, in na dawo zan tarar da aiki. Na gyaɗa kai. Ko a ranar ban yi masa magana ba. Na ɗauka akwai lokaci.

Washegarin rasuwar na shiga ɗakin ajiya na kwance buhunan. Ana ta sallama a waje, ana ya haƙuri, ni ina zaune tsakanin fatanya da buhun wake ina duba Kano ɗaya bayan ɗaya. Na bango ba su ba ni wahala ba, duk na san su, ga ƙananan fararen ramukan da muka yi tare. Wasu sun yi ja saboda tsufa. Wasu gine-ginen ma an rushe su, babu su ko'ina sai a hannuna. Ina dubawa ina lura da abin da ban taɓa lura da shi ba: kowane hoto daga ƙasa aka ɗauke shi, daidai tsayinsa, kai a ɗage. In na riƙe hoton a gabana, a inda ya tsaya nake tsaye.

Ambulan ɗin yana ƙasan buhu na ƙarshe, ba a buɗe ba. Sabon ginin ne, gilashi shuɗi, da wata ƙofa mai faɗi. Ya ɗauke shi ta gabas, ya ɗauke shi ta kusurwa, wasu sun karkace, wasu sun yi hazo. Na cire guda biyu masu tattabaru. Sai na zo kan wanda ya ɗauka ta gaba.

Ya manta ya karkace, ko kuwa ya leƙa bai ga kansa ba. Yana nan a jikin gilashin ƙofa, ta hagu, bai fi tsayin ƙwayar shinkafa biyu ba. Farar rigarsa ta Juma'a. Hularsa da take zamewa baya. Bai kai kyamarar ido ba, a ƙirji ya riƙe ta, tun da ba ya ganin abin da take nunawa. Ya ɗaga kai yana kallon saman ginin, baki a ɗan buɗe, kamar yadda yake yi in inuwa ta kusa kaiwa. Fuskar ba ta fito sosai ba, amma duk wanda ya san shi ya san shi ne, kuma ba wanda ya tilasta masa.

Ban san tsawon zaman da na yi ba. Na sa hoton cikin hijabina, na fito da shi. Na ɗauko reza a inda yake ajiyewa, na ɗora hoton a bayan faranti, na mayar da rezar. Na san abin da zai ce in yi, ai shi ya koya mini. Na san kuma abin da Kawu yake tsoro, ni ma ina tsoronsa. Ba na son wani abu ya dame shi inda yake kwance. Amma na riga na fara laluben fuskarsa a raina ina samun ta katin zaɓe. Haka na rasa ta mahaifiyata, ba wanda ya tambaye ni. Wannan kuwa a hannuna take.

Ranar uku aka yi gumba da waina, aka raba, malamai suka yi addu'a suka tashi. Allah Ya jiƙan Baba Tsoho, Ya haskaka makwancinsa, Ya sa shi a gidan da ba za a tsayar da shi a ƙofa ba. Da jama'a suka ragu Kawu ya hura wuta a bayan gida, kusa da barkonon. Ya fara da gwangwanin. Ya buɗe ya zazzage, mai shara da mai biredi da matar nan mai jan mayafi suka nannaɗe suka yi baƙi kafin in gama ganinsu. Bai yi da fushi ba. Bakinsa yana motsi, addu'a yake. Inna tana tsaye daga cikin taga, ba ta ce a bari ba, ba ta kuma bar wurin ba.

Na miƙa masa masu tattabaru, ya sa a wuta. Ya tambaye ni ko shi ke nan. Na miƙa masa ambulan ɗin, wanda Baba Tsoho yake ciki yana sama. Ya tsuguna yana ɗaga su ɗaya-ɗaya, yana dubawa sama-sama kamar mai duba takardun jarrabawa da yamma ta yi. Ya duba na saman, ya mayar da shi ƙasa, ya bi sauran, ya haɗa su ya miƙo mini.

"Babu kowa. Ki tafi da su, ke ya kamata."

Bai gani ba. Na san bai gani ba, don idonsa a saman ginin ya tsaya. Hoton ya zama nawa, da izininsa, ba tare da na yi ƙarya ba. Abin da ya rage in juya in shiga gida.

Na kasa juyawa. Ina kallon hannunsa, yatsun irin na Baba Tsoho ne, har lanƙwasar ƙaramin. Tun da na zo ban ga Kawu ya yi kuka ba. Shi yake karɓar gaisuwa, shi yake raba tabarmi, shi yake sallamar baƙi. Shi ma bai tarar da Baba Tsoho da rai ba. Abin da ya fi tunawa da mahaifinsa da kyamara, ina jin, tsoho ne zaune a ƙasa ba hula. Bai taɓa ganinsa a tsaye gaban gini da safe ba, kai a ɗage. Kuma kyamarar da take ƙirjinsa a hoton, Kawun ne ya saya.

Wutar ba ta mutu ba, tana nan daf da gwiwarsa. In na nuna masa, hukuncin nasa ne, ya riga ya faɗe shi gaban Inna. Na zaro hoton daga ƙasa. Na so in nuna da yatsa kawai kamar yadda na saba, amma ya riga ya mayar da kai wajen wutar, ba zai ga nuni ba. Na durƙusa kusa da shi, na riƙe hoton da hannu biyu. Muryata da ta fito ban gane ta ba.

"Kawu, don Allah ka sake dubawa. Jikin ƙofar, ta hagu. Ka gan shi tukuna."